Baƙin Rini a Fuskar Ramatu

Salamatu ce ta sa ni rubuta wannan babin, ko da yake ba ta nema ba. Ta dawo daga wani suna a tsohuwar unguwarmu, ko mayafi ba ta cire ba ta tambaye ni ko gaskiya ne na taɓa ƙona fuskar ɗiyar mutane. Wata tsohuwa ce ta faɗa a gabanta, ba ta san ko ɗiyar wa take gaya wa ba. Na ce mata tsohon zance ne, na tashi na shige madafa. To ga amsar yau, gare ta da ku duka, domin gara ku ji daga bakina da ku tsinta a bakin wasu. Gaskiya ne, an yi. Sai dai masu faɗa rabin labarin suka sani, kuma rabin da ba su sani ba ya fi nauyi a kaina.

Kun san ni 'yar Affala ce. A can na koyi zanen fuska wajen kakata, wadda ba ta taɓa karɓar ko goro a kansa ba. Takan fasa 'ya'yan katambiri, ta daka, ta tace ruwan, ta ɗan barbaɗa toka har ya yi baƙi, sannan ta ɗauki tsinke ta jera mu a inuwar rumbu. Layi ɗaya daga goshi zuwa kan hanci, ɗigo uku a kowane kunci, wani lokaci ƙafar kaza a gefen ido. Bayan 'yan kwanaki ya goge da kansa. Ranar kasuwa kuma nakan tsaya kallon matan Bororo da na Buzaye, yadda suke shafa jar ƙasa da rawaya, in dawo gida in gwada a fuskar ƙannena. Da aka kawo ni Tahoua gidan babanku, Malam Sani tela, na zo da wannan hannun. Duk jajibirin Salla 'yan matan unguwa su cika mana tsakar gida, in zana musu wata da tauraro, in zana musu fure, su tafi suna leƙa fuskarsu a ruwan randa. Sha'awa ce kawai. Ban taɓa tunanin abu ne da ake ci da shi ba.

Wadda ta fara sa mini wannan tunanin ita ce Madam Hauwa, malamar lakwal, wato makarantar boko, da aka turo daga Damagaram, ta kama haya a gidan da ke jikin katangarmu. Mijinta ma'aikacin lafiya ne can arewa, sai ya yi wata biyu bai leƙo ba. Ɗiyarta ɗaya tak, Ramatu, 'yar shekara bakwai, mai surutu kamar kanari. A gidanmu take cin tuwon rana in uwarta tana aji. Ni da Madam muka shaƙu har ta kai ba ma sallama, ta kan katanga muke miƙa wa juna gishiri da labari. Wata Salla ta tsaya tana kallona ina yi wa Ramatu zane, sai ta ce:

"Yaya Abu, wannan hannun naki kuɗi ne kike zubarwa a ƙasa. Ƙarshen shekara muna yin bikin rufe lakwal. Ki zo da tabarmarki ki zauna a gindin itacen bedi, ki ga abin da iyaye za su yi."

Da na kai maganar gaban babanku, yana cin abinci, Inna Dije mahaifiyarsa tana gefe tana jan carbi. Ita ta riga shi.

"Wa yat taɓa jin an sai da kwalliya? Abin da kakanni sunka yi don Allah?"

Babanku ya ture kwanon gefe. Kun san halinsa, sai ya gama auna magana kamar yadi kafin ya sa almakashi.

"Ban hana ki ba, Abu," ya ce. "Amma ki sani, ni in na ɓata wa mutum shadda, ina iya sayo mai wata. Huskar ɗiyan mutane ba a sayo ta kasuwa."

Na je bikin, kuma abin da Madam ta faɗa ya tabbata. Yara suka yi layi har bakin ƙofar lakwal. Daga nan sai aka fara kirana gidajen suna da na biki, matan ma'aikata suna aiko mini da mai mashin ya ɗauke ni. Na sayi faranti babba, da madubi mai ƙafa, da 'yan kwalabe na zuba kaloli. Shekara guda ina cikin wannan daɗi. Na yi wa Inna Dije turmin atamfa da guminna, ta karɓa tana cewa ita fa har yanzu ba ta yarda ba, amma ta kai wa ɗanta ya ɗinka.

Shekara ta biyu ce ta zo da abin da ta zo da shi. Katambiri ba a ƙasarmu yake yawa ba, daga kudu 'yan koli suke kawo shi, kuma a wannan bazarar ya ɓace a kasuwa ƙaf. Saura kwana huɗu bikin lakwal, na zaga rumfa rumfa ban samu ko ɗaya ba. Wani mai kayan kwalliya, da ba zan kama sunansa ba don ya riga mu gidan gaskiya, ya miƙo mini wani ɗan kwali mai hoton mace da baƙin gashi.

"Rinin gashi ne," ya ce. "Shi masu lalle ka sawa yanzu. Ya hi katambirinki baƙi nesa ba kusa ba, kuma sai ya yi sati biyu bai goge ba."

"A huska hwa?" na tambaye shi.

"Su dai a hannu da ƙahwa suka sa shi."

Ku lura da wannan amsar, domin ni ma na lura da ita. A lokacin ban iya karatun boko ba, balle faransancin da ke jikin kwalin, amma ba zan fake da wannan ba. Mutumin bai ce mini a fuska ba. Da na kwaɓa shi a gida, warinsa ya doki idona har na yi ƙwalla. Na ɗiga a bayan hannuna, na jira zuwa la'asar, ban ji komai ba, na ce wa zuciyata shi ke nan. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar in ce wa Madam ba ni da kayan aiki, kuma ina tsoron wata ta zauna a gindin bedin nan a maimakona.

Ranar Asabar aka yi bikin. Zanen ya fito baƙi wuluk, iyaye suna ta yabo. Ramatu ce ta farko a layi, kuma da yake tawa ce, na fi ƙawata nata. Na yi mata reshe mai ganye tun daga goshi, ya zagayo gefen idon hagu ya sauka a kunci.

Litinin da yamma na jiyo ta ta kan katanga tana kuka wai fuskarta na ƙaiƙayi. Na ce zafi ne, don a lokacin hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, gari ya yi kamar tanda. Talata da hantsi Madam ta shigo gidanmu ba ko ɗankwali, tana riƙe da hannun yarinyar. Na ɗaga kai daga wankin da nake yi. Fuskar Ramatu ta kumbura har idon hagu ya rufe ruf, na dama saura ɗan tsagi. Kuma duk inda tsinkena ya bi, fatar ta tashi ta yi ƙuraje masu ruwa. Reshen nan da ganyensa, ɗaya bayan ɗaya, ga su nan a tashe. Ko makaho ya shafa ya san hannun wa ne.

"Yaya Abu, me kika sa mata?"

Ba da faɗa ta tambaya ba. Kallona take yi kamar ni ce zan cece ta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa:

"Katambiri ne, Madam. Wanda na saba."

Wannan ita ce maganar da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Ta yarda da ni nan take. Ta ce to ko wani ƙwaro ne ya bi ta kan zanen, ta saɓi yarinyar ta yi ɗan asibitin unguwa da ita. Can ma suka tambaya, ta maimaita musu abin da na ce, suka ba ta maganin shafawa suka ce ta dawo in bai faɗa ba.

Suna fita Inna Dije ta taso daga ɗakinta. Ashe ta ga kwalin tun ranar da na kawo shi.

"Ɗauko abin nan ki jefa masai yanzu yanzu," ta ce da ƙaramar murya. "Kin riga kin ce katambiri, to katambiri ne har gaban alƙali. Kina da goyo, Abu. In jandarma sunka tahi da ke, wa za ya ba Mamman nono?"

Kada ku ga laifin kakarku. Tsoro ne ya yi magana da bakinta, irin wanda ya yi da nawa. Na ɗauki kwalin na nufi bayan gida, na tsaya a bakin ramin, hannuna ya ƙi saki. Na dawo na tura shi can ƙasan kwallayen jerena, na rufe.

Kwana ukun da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Ba Ramatu kaɗai na yi wa zane ba, yara ne masu yawa, wasu ko sunan iyayensu ban sani ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai in ce ga wani uban ya zo da tasa ɗiyar. Mashin ya tsaya a waje, in saki abin da ke hannuna. Na zuba gishiri sau biyu a miya, na bar hura ta yi tsami a ƙwarya. Ke Salamatu kina da shekara biyar, kika zo kina cewa in yi miki irin furen Ramatu, na daka miki tsawar da har kika yi fitsari a tsaye. In na yi salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Kuma ta kan katangar nan ina jin komai: kukan yarinyar, da muryar uwarta tana lallashi, tana cewa kar ki sosa, kar ki sosa. Ranar Laraba har Madam ta leƙo ta ce in taimaka mata da kunu, don ba ta samu ta ɗora tukunya ba. Na dama, na miƙa mata, ta ce Allah ya bar zumunci. Na koma ɗaki na toshe bakina da zane.

Babanku ya san akwai abin da ake ɓoye masa. Alhamis da ya dawo cin abincin rana ya tarar da ni zaune, tuwon ko kwashewa ban yi ba.

"Abu, katambirin da kinka ce ya ɓace kasuwa, ina kinka samo shi?"

Kafin in buɗe baki, Inna Dije ta ce ya bar ni in ji da abin da ke damuna. Bai sake tambaya ba. Ya sa takalmansa, ya tsaya a bakin zaure, ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Ni dai ban iya cin tuwon gidan ga har sai na san mi ad da ɗiyar mutane."

Juma'a da safe ƙurajen suka fashe suka fara ruwa, zazzaɓi ya rufe yarinyar, aka wuce da ita babban asibiti. Wata maƙwabciyarmu da ta raka su ta dawo wajen sha ɗaya tana ba da labari a tsakar gidanmu. Ta ce likitan ya ce shi bai taɓa ganin katambiri ya yi haka ba, yana ta tambaya ko an haɗa da wani abu, don in bai san mene ne ba lalube kawai yake yi, kuma abin da yake tsoro shi ne idon. Ta ce Madam ta rantse masa cewa maƙwabciyarta ba ta yi mata ƙarya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga ɗaki na zube kwallayen nan a ƙasa, na ɗauki kwalin na ƙulle a bakin zanena, na gyara goyon Mamman. Inna Dije ta tare ƙofa tana kuka, tana cewa in tuna 'ya'yana. Na ce mata su nake tunawa. Ban tsaya neman mashin ba, da ƙafa na tafi, rana tana tsakiyar ka, masu tafiya masallaci suna ta wuce ni da dardumansu. Sau biyu na tsaya a hanya kamar in juya. A raina na riga na ga kaina a gidan kaso, na ga an karɓe Mamman daga bayana, na ga babanku yana rufe shago don kunya.

Na same su a wani ɗaki mai gadaje shida. An shafe fuskar Ramatu da farin magani, an ɗaure mata hannuwa da ƙyalle don kada ta sosa. Madam tana yi mata fifita da murfin kwali. Da ta gan ni har ta yi murmushi, ta matsa mini wuri a bakin gadon. Ban zauna ba. Na kwance bakin zanena, na ajiye kwalin a kan cinyarta.

"Ba katambiri ba ne, Madam. Wanga ne. Ƙarya na yi miki."

Ita ta iya karatu. Na ga idonta yana bin rubutun, layi bayan layi, har ta kai wani wuri ta tsaya. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe ta fita da gudu tana kiran likita, ta bar ni tsaye. Sai Ramatu ta juyo da kai wajen da ta ji muryata, ta ce, "Inna Abu, furen ya ɓaci ko?"

Likitan saurayi ne, bai fi ƙanena ba, amma da ya yi mini magana sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce a jikin kwalin an rubuta kada ya kusanci ido, kuma irin wannan rinin wani jikin yana ɗaukarsa, wani kuwa sai bayan kwanaki yake tashi. Ya canza wa Ramatu magani a take. Sannan ya tambaye ni yara nawa na yi wa. Da na ce ban san adadinsu ba, ya ce to aikina ne in nemo su duka, gida gida, in gaya wa iyayensu abin da na sa, duk wanda ya ga ja ko ƙaiƙayi ya kawo ɗansa.

Wannan yawon shi ne abin da unguwa ta riƙe. Shugaban lakwal ya ba mu sunaye. Babanku ya rufe shagonsa kwana biyu, ana tsakiyar ɗinkin wani biki, ya bi ni ƙofa ƙofa. Shi yake sallama, ni nake magana. Maganar ɗaya ce a kowane gida, kuma ba ta taɓa yin sauƙi ba. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Wasu suka rufe ƙofa tun ban gama ba. Mun samu yara uku da abin ya fara tasar musu, iyayen suna ta shafa musu man shanu ba su san dalili ba, aka kai su aka yi magani da wuri. Uban ɗaya daga cikinsu ya ci kwalar babanku a gaban jama'a, babanku bai ɗaga hannu ba, ya ce masa, "Kana da gaskiya." Mutumin ya kai ƙara. Na wuni a kan benci a ofishin 'yan sanda, Mamman yana kuka a bayana, ina jiran a ce in miƙa shi. Da la'asar suka ce likita ya shaida da ƙafata na kawo kaina, suka karɓe farantin da kwalaben, suka ja mini kunne suka sallame ni.

Allah ya tsare idon Ramatu. Kwananta tara a asibiti. Kumburin ya faɗa, amma shacin reshen ya zauna a fuskarta, fari fari, kuma likita ya ce na gefen kuncin mai yiwuwa ba zai tafi duka ba.

Shekara biyu ban taɓa tsinke ba. Ko jajibirin Salla ƙofarmu a rufe take, kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa. Yadda na koma, da yadda aka yi har na buɗe ɗan shagon da kuka tashi kuka gani, babanku ne sila, shi ya je har Konni ya sayo mini katambiri ya ajiye a gabana. Tun daga ranar ban sake sa wa fuskar kowa abin da ban san asalinsa ba, kuma ko amarya ce da motoci a ƙofa, sai na ɗiga mata a bayan kunne kwana biyu kafin biki. Kun sha jin ana cewa tsohuwar nan ta cika tsirfa. To yanzu kun san daga ina tsirfar ta fito.

Madam Hauwa kuwa ba ta ƙara leƙowa ta katanga ba. Ta nemi a mayar da ita Damagaram, aka ba ta kafin a koma lakwal. Ranar da motar kaya ta zo, damina ta riga ta zauna, ana yayyafi. Na daɗe a zaure ina kai da kawowa kafin na iya fita. Na same ta tana ɗaure katifa da igiya. Ramatu tana gaban mota, ta ɗago mini hannu, uwar ba ta hana ta ba. Na durƙusa a cikin taɓon nan, na ce ta yafe mini don Allah.

Ta gama ƙullin da take yi, sannan ta dube ni. Ta rame ƙwarai.

"Rinin na yafe miki, Yaya Abu, tun a asibiti. Kuskure ne, kowa yana yi." Ta share ruwan da ke fuskarta. "Amma kwana uku ina kwana da yarinyar nan tana ƙuna, ke kina bayan katanga kin sani. Har kunu kika dama mini. Wannan ban iya ba tukuna. In na iya, zan aiko miki."

Ta shiga mota suka tafi.

Yau shekarun da suka wuce sun fi na Ramatu a lokacin sau uku. Ban canza gida ba sai da babanku ya rasu, kuma da za mu tashi na bar wa masu shigowa kwatancen inda muka koma, na ce ko wani zai zo nemana daga Damagaram. Har yanzu ba ta aiko ba. Ban ga laifinta ba, kuma ban yarda ɗayanku ya gani ba. In Allah ya sa saƙon ya iso bayan ba ni, ku karɓa da hannu biyu, ku je inda nake kwance ku faɗa mini.